Gidan da damina ke ci ta ƙasa: yadda aka shirya wani gida a cikin birnin Kano kafin faɗuwar ruwa

Gidan da hanyar ruwansa

Gida ne na gado a wata tsohuwar unguwa cikin birnin Kano, faɗinsa mita 15, tsawonsa mita 18, mutum 14 ke kwana a ciki. Ƙofarsa gabas take kallo, ta buɗe a wani lungu. A jerin gabas ɗin akwai zaure, sai ɗakin soro na mahaifiyar mai gidan, sai katanga mai tsawon mita 7. Wannan ɓangare duk ginin tubali ne da jar ƙasa, kaurin bangon a gindi santimita 60. A yamma akwai ɗakuna 3 na bulo da rufin kwano waɗanda aka ƙara daga baya. Rijiya tana tsakar gida, banɗaki da shadda suna kusurwar kudu maso yamma.

Ruwan soro da na zaure yana fita ta indararo 2 da ke zuba a lungu. Ruwan kwano da na tsakar gida kuwa, da na wanki da wanke-wanke, duk rariya guda ke fitar da shi, a gindin katangar gabas. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 lita guda ne. Idan aka tafka ruwa milimita 50, abin da ba baƙo ba ne a Kano a watan Agusta, lita 13,500 ke sauka a kan gidan nan, kuma mafi yawansu ta wannan rariyar za su bi.

A ranin 2020 aka shimfiɗa wa lungun intalok, aka gina sabon lambatu a gefensa. Lungun ya ɗaga da santimita 25. Ba wanda ya auna abin da hakan ya yi wa rariyar gidan a lokacin.

Daminar 2021: alamomin farko

A watan Yuli ruwa ya fara kwanciya a tsakar gida, yakan yi rabin yini kafin ya tsotse. A Agusta gindin bangon gabas ya yi duhu daga ƙasa zuwa tsayin santimita 40, ciki da waje. Yaɓen wurin ya riƙa zubewa idan an shafa shi da hannu, wani farin gari mai kama da kanwa ya fito a bakin layin danshin. A ɗakin soro tabarma ta fara wari, kayan da ke cikin akwati suka yi fumfuna. Rufin soron ya fara yoyo a tsakiya, ba a gefe ba.

Mutanen gidan sun ɗauka yoyon ne matsalar, sun kuma ɗauka bangon tsufa ne ya kama shi.

Bazarar 2022: gyaran farko

A ƙarshen Afrilu aka kira birkila. Abu 3 aka yi. Aka yi wa bangon gabas filastar siminti ta waje daga ƙasa zuwa tsayin mita 1.5, kai tsaye a kan jar ƙasar, aka kafa ƙusoshi a bangon don simintin ya sami abin kamawa. Aka ƙara wa rufin soro sabuwar ƙasa, kamar yadda aka saba yi kowace shekara, ba a kankare tsohuwar ba. Aka liƙe hujojin kwano da kwalta da tsumma, aka aza duwatsu da tsoffin tayoyi a kan rufin saboda iska.

Ba a taɓa rariya ba, ba a taɓa lambatu ba. An gama aikin kwana kaɗan kafin ruwan farko, ƙasar soron ba ta gama bushewa ba.

Daminar 2022: abin da ya biyo baya

Shekarar 2022 ta zo da ruwa mai yawa da ambaliya a jihohi da dama, Jigawa maƙwabciyar Kano tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A wannan gida abubuwa sun zo bi da bi.

Iskar farkon damina, wadda a wannan yanki daga gabas take tasowa gaban hadari, ta yaye fallen kwano 5 a watan Yuni. Ƙusoshin ba su fita daga kwanon ba, katakon ne gaba ɗaya ya tashi da su, domin ba a ɗaure shi da bangon ba. Ɗaya daga cikin duwatsun da aka aza ya faɗo tsakar gida, Allah ya kiyaye ba kowa a wurin.

A Yuli filastar ta tsattsage. Layin danshi ya bayyana a cikin ɗakin soro a tsayin santimita 70, wato ya fi na bara. Soket ɗin da ke ƙasan bangon ya fara jan mutum idan an taɓa kusa da shi. A tsakiyar Agusta, bayan ruwan dare, ruwan lambatu ya dawo ta rariya ya cika tsakar gida har ya tsallake dokin ƙofar ɗakin soro. Da asuba mita 3 na katangar ya kife cikin lungu. Simintin ya faɗi fale-fale, ƙasar da ke bayansa kuwa ta zama taɓo tun daga gindi.

Aka fitar da tsohuwar daga ɗakin soro, aka tokare azarar da itace 4, aka kare giɓin katangar da kwano. Ruwan rijiya ya gurɓace ya yi wari, aka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Haka aka ƙarasa daminar.

Fabrairu 2023: awo kafin aiki

Wannan karon wani tsohon magini aka ɗauko, tare da kafinta da mai gyaran wuta. Maginin ya ce wa mai gidan kada a sayi ko buhun siminti ɗaya sai an gane inda ruwa yake zuwa.

Awon ba ya buƙatar wata na'ura. Farin tiyo mai tsawon mita 15 aka cika da ruwa, aka fitar da iskar da ke ciki. Mutum ɗaya ya riƙe baki guda a lungu, ɗayan ya zagaya gida da ɗaya bakin. Ruwa a bakunan biyu kullum tsayinsu ɗaya, don haka duk inda aka je sai a yi alama a bango, a auna daga alamar zuwa ƙasa. Idan aka ɗauki saman intalok a matsayin ma'auni, ga abin da aka samu: bakin rariya yana ƙasa da shi da santimita 25, daɓen ɗakin soro da santimita 15, ƙasan lambatu da santimita 45. Amma lambatun ya cike da yashi da leda da robobin ruwa har santimita 30. Ma'ana bakin rariyar yana binne cikin datti da santimita 10. Ko lambatun yana fes, in ya cika maƙil lokacin ruwa mai ƙarfi, cikin gida zai juyo da ruwansa, tunda gidan ne mafi kwari.

Sai aka hau soro. An haƙa rami kaɗan a gefe don ganin kaurin ƙasar: santimita 35, alhali ta asali ba ta wuce 25 ba. Ƙarin santimita 10 a kan rufi mai mita 4 da mita 3.5 ya haura tan 2 na busasshiyar ƙasa, in ta jiƙe kuma ta fi haka. Nauyin ya sa azara ta lotsa a tsakiya, ruwa ya daina gangarawa indararo, ya riƙa taruwa a kwarin. Da aka caccaki azarar da sukundireba daga ciki, guda 3 sun shige kamar ana caka ɓawon kabewa. Gara ta cinye cikinsu ta bakin da ke cikin jiƙaƙƙen bango. Indararon soron kuma gajere ne, santimita 20 kawai ya fito, bakinsa ya ci tsatsa, rabin ruwan ta jikin bango yake bi ya sauka.

Ragowar filastar da ke jikin zaure da soro aka ƙwanƙwasa da bayan cokalin magini. Kusan ko'ina amon fanko take yi, ta riga ta rabu da bangon.

Maris 2023: lambatu, rariya, tsakar gida

Aikin ya faɗo lokacin ƙarancin takardun naira, leburori kuma ba su yarda da tiransifa ba, abin da ya ja farawar zuwa makon farko na Maris.

An fara ɓamɓare filastar gaba ɗaya aka bar bangon tsirara ya sha iska da rana. Bango mai kaurin santimita 60 ba ya bushewa a mako guda. Waje yakan bushe ciki yana jiƙe. An ba shi mako 4, ana sauran ayyuka.

Lambatu ba na gida ɗaya ba ne, yashe gaban ƙofarka kawai ba ya hana komai in na gaba a toshe yake. Mai gidan ya yi wa mai unguwa magana, aka haɗa gidajen lungun a ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, aka yashe shi daga ƙarshen lungu, inda yake zuba a babbar kwata, ana yowa sama. Dattin da aka fitar aka kwashe shi a baro a ranar. In aka tara shi a bakin lambatu, ruwan farko ne zai mayar da shi.

Tsakar gida, mai mita 10 da mita 11, aka cike ta da jar ƙasa mai tsakuwa, kimanin kubik mita 22, ana shigo da ita a baro domin tifa ba ta shiga lungun. Ba a zuba ta gaba ɗaya ba: santimita 10 a zuba, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. An ba ta gangare na santimita 1.5 a kowace mita, daga ɗakunan yamma zuwa rariya. Da aka gama, gefen yamma ya fi lungu tudu da santimita 10, kusurwar rariya kuma tana ƙasa da lungu da santimita 5 kawai. Wannan kusurwa aka yi mata kankare, mita 2 kowane gefe, da kwaɓin kwanon sarki 2 na siminti, wato buhu guda, 4 na yashi, 8 na tsakuwa. A tsakiyarta aka gina ɗan akwatin tara yashi mai murfin ƙarfe, daga shi bututun roba mai inci 6 ya ratsa ƙarƙashin katanga zuwa lambatu.

Ɗaga tsakar gida yana jawo wasu gyare-gyaren dole. Daɓen ɗakin soro ya zama rami, sai da aka ɗaga shi da santimita 25, aka shimfiɗa leda mai kauri kafin a yi sabon daɓe, aka yanke ƙasan ƙyauren. Ƙofar ta gajarta, dogon mutum sai ya sunkuya. Bakin rijiya ma an ɗaga shi zuwa santimita 70 daga sabon daɓen, aka yi masa murfi da ɗan dandamali mai gangare a kewaye.

Afrilu 2023: gindin bango da rufi

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, aka yi Sallah ranar 21 ga Afrilu, kuma wannan ne lokacin da zafin Kano ke kai maki 40. Aka mayar da aiki daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 11. Wannan ya yi wa simintin daɗi ma, domin kwaɓin da aka zuba da tsakar rana a bazara ruwansa ke tsotsewa kafin ya kama. Duk aikin siminti an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7.

Katangar da ta faɗi an sake ta daga tushe. Aka haƙa santimita 60, aka zuba kankare, aka jera bulo mai inci 9 ana cike ramukansa, har ya wuce sabon daɓen tsakar gida da santimita 45. A kansa aka shimfiɗa leda mai kauri ninki biyu don ta tare danshin da ke hawa daga ƙasa, sannan aka ɗora tubali.

Bangon soro da na zaure, da ke ɗauke da rufi, ba a rushe su ba, kuma nan ne aikin ya fi haɗari. Sai da aka tokare azara daga ciki tukuna. Sannan aka riƙa rarake ruɓaɓɓen gindin mita 1 a lokaci guda, zurfin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon ba, a cike da dutse da kwaɓin siminti 1 yashi 6, a tsallake mita 1, a yi na gaba. Bayan kwana 3 a dawo kan waɗanda aka tsallake. Da aka gama waje aka yi ciki. Wanda ya rarake gindin bangon ƙasa daga wannan kusurwa zuwa waccan a rana ɗaya, a kansa bangon zai zauna. A waje aka gina siririn dakali mai faɗin santimita 40, samansa ya karkata zuwa lambatu, don tsartsatsin ruwa ya daina dukan gindin.

Daga saman dutsen zuwa rawani, wato can ƙarshen bangon na sama, yaɓen ƙasa aka yi. An kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, aka tattaka, aka bar ta ta tsima kwana 10 ana juya ta. Aka yayyafa wa bango ruwa, aka yi yaɓe biyu, kowanne bai wuce santimita 2 ba, na biyu sai da na farko ya bushe aka cike tsagoginsa. A ƙarshe aka shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Laso, wani shafen da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya fi daɗewa, amma ba a sami mai yinsa a kan lokaci ba.

A soro an kankare ƙasar da ta yi yawa, aka buɗe inda azara 3 ɗin suke aka canza su da busasshiyar giginya, aka shafa wa bakunan da ke shiga bango kwalta. Sabuwar ƙasar an ba ta gangare zuwa indararo, aka gwada da bokitin ruwa 2 kafin a shafe ta da makuba. An sa sabon indararo da ya fito santimita 60, an cusa gindinsa sosai ƙarƙashin yaɓen rufin, aka haɗa shi da bututu mai saukar da ruwan har cikin lambatu.

Rufin kwano kafinta ya sauke duwatsu da tayoyin. Ya ɗaure katakon da ke kan bango da langa-langa a kowace mita, ya saukar da ita layin bulo 2 ya kafe ta. Ya canza falle 9 da suka ruɓe. Gefe da gefe an haɗa su da tudu ɗaya da rabi, sama da ƙasa da santimita 15, ƙusa mai hula kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Mutum biyu ke hawa, da sassafe kafin kwano ya yi zafi, ana taka layin ƙusa, kuma an kashe wutar gidan an kula da wayar da ta shigo daga turke ta gefen rufin.

Farkon Mayu 2023: ragowar ayyukan tsaro

Mai gyaran wuta ya ɗaga soket-soket na ɓangaren gabas zuwa mita 1.2, ya canza wayoyin da ɓera ya gwagwiya a cikin silin, ya sa na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurara. An gina wa janareta rumfa a buɗaɗɗen wuri nesa da tagogi, domin a baya in hadari ya taso zaure ake shigar da shi, kuma hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun ji wari ba. An canza tiyon tukunyar gas da ya bushe ya tsattsage, aka gwada mahaɗan da kumfar sabulu.

Rijiya an yashe ta lokacin da ruwanta ya fi ƙasa. Masu sana'ar aka kira, mai shiga yana ɗaure da igiya, mutum biyu na riƙe da ita a sama, ba a kuma saukar da injin fetur cikin ramin ba. An kwashe shadda. An sare reshen darbejiyar da ya rufa kan kwano. Tarin itace da tsoffin bulo da ke jingine da bango an janye su aka ɗora a kan dandamali. Da safiya aka yi, da sanda da takalmi rufaffe, saboda kunama da maciji. Gwangwanaye da tayoyi da fasassun tukwane an fitar da su, tunda a wannan zafi sauro kan tashi daga ƙwai ya zama babba cikin mako guda da 'yan kwanaki. Gidajen sauro an ɗinke waɗanda suka yage.

Daminar 2023 da ta 2024

Iskar Mayu da Yuni ba ta ɗaga kwano ko ɗaya ba. Soro bai yi yoyo ba. Bayan ruwa mai ƙarfi tsakar gida tana tsanewa cikin kamar minti 20. Sau biyu a Agustan 2023 lambatu ya cika ya juyo, ruwan ya tsaya a kusurwar kankare, bai kai bango ba. Layin danshi bai wuce santimita 15 ba, kuma a jikin dutse yake, bai kai ƙasar ba. Tsohuwar ta koma ɗakinta a Oktoba.

Abu guda ya ba da matsala. An sa wa akwatin rariya raga mai ƙananan ido, a Yuli ganyen darbejiya da leda suka liƙe ta, ruwa ya taru. Aka cire ta aka sa rodi a jere, tsakaninsu santimita 2, aka ba wani yaro aikin kwashe yashin akwatin duk Juma'a.

A bazarar 2024 aikin bai wuce kwana 4 ba: yasar lambatu, sabuwar makuba a soro da bangon gabas, duba ƙusoshi, gwada indararo da bokiti. Bangon gabas ya zaizaye da kusan rabin santimita a damina guda, sauran bangayen kuwa ko alama. Daminar 2024 ta wuce ba abin da ya motsa.

Hukunci

Gyaran 2022 bai gaza don an yi ha'inci ko an rage kaya ba. Ya gaza ne don an yi maganin abin da ido ya gani. Filastar siminti a kan jar ƙasa ta ƙara ɓarna: siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, don haka suna rabuwa, ruwa ya shiga ta tsaga, danshin da ke hawa daga ƙasa kuma ya rasa ta inda zai fita sai ya ƙara hawa sama. Shi ya sa layin ya tashi daga santimita 40 zuwa 70. Ƙarin ƙasa a soro ya ƙara lotsawar da ke jawo yoyon. Duwatsu a kan kwano ba su da amfani tunda katakon ne ba a ɗaure ba.

A aikin 2023, abin da ya fi kowanne tasiri shi ne awon tiyo da ɗaga tsakar gida, sai gindin dutse da leda. Yaɓe da makuba da an yi su kaɗai da sun bi sahun filastar. Lokacin ma ya taimaka: an fara a Maris, bango ya sami mako 4 yana bushewa, ƙasar soro ta bushe kafin ruwan farko, abin da aikin ƙarshen Afrilu bai samu ba.

Abu biyu ba su warware ba. Lambatun yana hannun gidajen lungun duka, shekarar da aka ƙi yashe shi ruwa zai wuce kusurwar kankare. Sannan tsakanin rijiya da shadda mita 9 ne kawai, alhali ƙa'idar da aka fi bi ita ce mita 30, kuma filin gidan ba zai ba da haka ba. Ruwan rijiyar an bar shi ga wanki da wanka da bayi. Na sha ana saye, ko a tafasa.